Yadda ake neman tallafin zama malamin kimiyya da lissafi a Amurka, da alkawarin da ke ɗaure da shi

Bayan sallar isha'i wani maƙwabcina a Bronx da ke birnin New York, direban tasi mutumin Damagaram, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da takardu a cikin ledar kanti. 'Yarsa na biye da shi, tana ƙarshen shekara ta biyu a jami'a, kemistiri take karantawa. Ya baje takardun a kan tebur, ya ɗora yatsa a ƙasan shafin ƙarshe ya ce, "Malam, an ce wa yarinyar nan kyauta ce. To ni tun da nake ban taɓa ganin kyautar da ake sa wa hannu a wuri uku ba. Duba mini, akwai ruwa a ciki ko babu?"

Na ce masa, "Alhaji, muddin ta cika alkawari babu ko sisin ruwa. In ta saɓa, akwai shi, kuma ba kaɗan ba."

Sai da muka kai sha biyun dare muna bin takardun layi-layi. Abin da muka tattauna a daren nan shi na tsara a nan, domin na san akwai gidaje da yawa na mutanenmu, 'yan Nijar da 'yan zangon Gana da 'yan Najeriya, da 'ya'yansu suka iya lissafi da kimiyya amma kuɗin jami'a ke neman karya su. Ina son yaranmu su shiga aikin malanta a ƙasar nan, ina so ƙwarai. Sai dai ina son su shiga ido a buɗe.

Takardun da Alhaji ya kawo na shirin tallafin Robert Noyce ne, wanda hukumar kimiyya ta ƙasar, NSF, ke gudanarwa. Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa shi a dokar hukumar ta 2002, aka sake ƙarfafa shi a 2007. Shi Noyce ɗin, da aka haifa a jihar Iowa a 1927 ya rasu a 1990, yana cikin mutum biyu da suka ƙirƙiro ɗan mitsitsin allon lantarkin nan da ke cikin kowace waya da kwamfuta, kuma shi da Gordon Moore ne suka kafa kamfanin Intel a 1968. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne mafarin abin. Malaminsa na fiziks a kwalejin Grinnell, Grant Gale, shi ya samo wasu daga cikin tiransistocin farko, ƙananan na'urorin nan masu sarrafa wutar lantarki, ya kawo aji ya nuna wa ɗalibai. Malami ɗaya da ya san darasinsa ya juya rayuwar yaro. A makarantun unguwannin talakawa irin wannan malami ne ke wuyar samu: sau tari wanda ke koyar da fiziks bai karanci fiziks ba, wanda ya karanta kuwa shekara biyu ya yi ya ƙara gaba. Gwamnati sai ta ce, za ta biya maka karatu, kai kuma ka biya ta da shekarun koyarwa a inda ake da wannan giɓi.

Da farko, duba takardar zamanka

Wannan shi ne ƙofar gida, in ba ta buɗe ba sauran maganar ba taka ba ce. Tallafin Noyce na ɗan ƙasar Amurka ne da mai girin kad, wato takardar zaman dindindin. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi ba ya ciki, komai kyan makinsa. Wanda ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana neman hanyar zuwa karatu shi ma ba ya ciki. Na faɗi haka ɓaro-ɓaro ne saboda 'yan damfara. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya yi maka rajistar wannan tallafi daga gida, ɓarawo ne. Ba a sayar da fom ɗinsa, kuma ba wakili ke shigar da mutum ba.

Masu girin kad, har da waɗanda suka same shi ta hanyar canki-cankin biza ko ta aure ko ta iyaye, hakkinsu ɗaya ne da na ɗan ƙasa a wannan batu.

Ga na gida kuwa, tsarin ba baƙo ba ne. A Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato, daga baya da Zamfara, an yi shirin ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi NCE da sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar, tare da tallafin UNICEF da gwamnatin Birtaniya. Tunanin ɗaya ne, ƙasar ce daban.

Na biyu, san ƙofar da ta dace da kai

Shirin yana da ƙofofi uku da suka shafi mai son koyarwa, kuma kowace da nauyinta.

Ta farko ta ɗaliban digirin farko ce da suka kai shekara ta uku ko ta huɗu. Sharaɗin da mutane ke yawan tuntuɓe a kansa shi ne, dole babban darasinka ya zama na kimiyya ne kansa: lissafi, fiziks, kemistiri, bayoloji, injiniyanci, kimiyyar kwamfuta da makamantansu. Digirin koyon malanta zalla ba ya wadatarwa, kuma aikin jinya, wanda yaranmu mata da yawa ke rububinsa, galibi ba a lissafa shi. Mafi ƙarancin kuɗin shi ne dala 10,000 a shekara, jami'a na iya ba da fiye, amma ba zai wuce jimillar kuɗin karatu da na zama da jami'ar ta ƙiyasta ba. Ana iya karɓa har shekara uku. Kowace shekara ɗaya da ka karɓa, shekara biyu za ka koyar, kuma ka kammala cikin shekara takwas bayan gama karatu. A ƙarƙashin wannan ƙofa akwai kuma tallafin shekara ɗaya ga wanda ya riga ya yi digirin kimiyya yana son ya sami lasisin koyarwa. Shi shekara biyu zai koyar, cikin shekara huɗu.

Ƙofa ta biyu ita ce nake yawan nuna wa manyanmu. Injiniya nawa ne ke tuƙa tasi ko gadi a garin nan da digirinsa a cikin akwati? Wannan ƙofa tasu ce. Mai digirin kimiyya zai shiga digiri na biyu da ke kai wa ga lasisin koyarwa, a ba shi aƙalla dala 10,000 a shekarar karatun, sannan in ya kama aiki a riƙa ɗora masa aƙalla dala 10,000 a kan albashinsa kowace shekara har shekara huɗu. Alkawarinsa koyarwar shekara huɗu ce cikin shekara shida.

Ta uku ta gogaggun malamai ce da ke cikin aji tuni, ƙarin albashi na shekara biyar a kan hidimar shekara biyar. Sabon shiga ba ruwansa da ita tukuna.

Akwai wani tallafin daban da ake yawan haɗawa da wannan, mai suna TEACH, na ma'aikatar ilimi ta tarayya, wanda dokar 2007 ta kafa. A takarda dala 4,000 ne a shekara, abin da ke isowa hannu yakan gaza haka kaɗan saboda yankan kasafin kuɗi. Yana neman matsakaicin maki 3.25 cikin 4, ko kuma sakamako mai kyau ƙwarai a jarrabawar shiga jami'a. Sharaɗinsa shekara huɗu cikin takwas, ko da sau ɗaya ka karɓa. Riƙe wannan jimla, zan dawo kanta.

Na uku, nemo jami'ar da ke da kuɗin a hannu

NSF ba ta ba ɗalibi kuɗi kai tsaye. Jami'a ce ke nema, in ta ci a ba ta na wasu shekaru, yawanci biyar, ita kuma ta zaɓi ɗalibanta. Saboda haka babu fom ɗaya na ƙasa baki ɗaya, babu rana ɗaya ta rufewa. Wata jami'ar na da shirin, maƙwabciyarta ba ta da shi, wata kuma tana da shi bara amma ya ƙare bana.

Shiga shafin NSF, wurin binciken tallafin da ta bayar, ka rubuta Noyce da sunan jiharka. Zai fito maka da sunan jami'a, da malamin da ke jagorantar shirin, da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ranar ƙarewar nan ita za ka fi zura wa ido. In kana shekara ta biyu yanzu, kuɗin kuma zai ƙare baɗi, to shekara ɗaya kawai za ka mora.

Kada ka tsaya a abin da ka gani a intanet. A watan Afrilun 2025 hukumar ta soke ɗaruruwan tallafin da ta riga ta bayar, kuma ɓangaren koyar da kimiyya na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Shafin jami'a kan daɗe ba a gyara shi ba. Rubuta wa jagoran shirin imel gajere: kai wane ne, me kake karantawa, shekara ta nawa, matsayin zamanka. Sai ka tambaye shi abu uku. Shirin yana raye? Mutum nawa za a ɗauka a zagaye mai zuwa? Kuɗin shekara ta biyu yana hannu ko sai an sabunta? Matambayi ba ya ɓata, kuma waɗannan malamai neman ɗalibai suke yi, don sau da yawa gurabensu ba sa cika.

Wanda ke kwalejin shekara biyu, ya fara wannan bincike tun kafin ya zaɓi jami'ar da zai koma. Shirye-shirye da dama suna da haɗin gwiwa da irin waɗannan kwalejoji.

Na huɗu, shiga aji ka gwada kanka kafin ka nemi kuɗin

Yawancin masu ba da shawara suna tsallake wannan mataki, ni kuwa a wurina ya fi cike fom muhimmanci. Iya lissafi daban, iya tsayawa gaban yara talatin masu shekara sha huɗu daban. Wasu ba su karya kumallo ba, wasu watansu uku a ƙasar ba su jin Turanci, wani ya kwana a gidan marasa matsuguni. Akwai mai ganin haka zuciyarsa ta kama, akwai mai gani ya san ba zai iya ba, kuma babu laifi a kan ko wanne. Laifin shi ne mutum ya gano bayan ya ci dala 20,000.

Shirye-shiryen Noyce da yawa suna biyan ɗaliban shekarar farko da ta biyu su yi aikin hutun bazara a sansanin kimiyya na yara ko gidan adana kayan tarihi ko makaranta, kuma wannan kuɗin ba ya ɗauke da alkawarin koyarwa. Jami'o'in da ke bin tsarin UTeach, wanda aka faro a Jami'ar Texas da ke Austin a 1997, suna da ƙananan darussa biyu na farko da ake tura ɗalibin kimiyya ya koyar a aji na gaske don ya ɗanɗana. In babu ko ɗaya kusa da kai, nemi aikin taimaka wa yara da aikin gida bayan an tashi makaranta. Zango ɗaya ya isa ka san kanka.

Yarinyar Alhaji ta riga ta yi wannan ba tare da ta sani ba. Shekara biyu tana koyar da yaran Islamiyyar unguwa lissafi ranar Asabar. Da na tambaye ta ko ba ta gajiya da su, sai ta ce, "Baffa, gajiya kam akwai. Amma ranar da wani yaro ya gane kashi-kashi ya yi ihu, har na isa gida ina murmushi." Daga nan hankalina ya kwanta.

Na biyar, tara takardu

Cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na tarayya, wanda aka saba buɗewa 1 ga Oktoba. Kyauta ne. TEACH ba ya samuwa sai da shi, kuma yawancin shirye-shiryen Noyce suna nemansa don su ga halin aljihun gida, ko da yake cancantar karatu ita ce gaba a zaɓe.

Sai tiranskirif, wato takardar makin darussanka na jami'a. Jami'o'i da yawa suna neman matsakaicin maki 3.0, wasu ƙasa da haka kaɗan. Wanda ya yi digirinsa a gida, a Zariya ko Yamai ko Legon, sai an tantance masa takardu a nan, ta hannun hukumomi irin WES ko ECE. Nemi tantancewa ta darasi-darasi, domin jiha za ta so ta ƙirga yawan darussan lissafi ko kemistiri da ka ɗauka. Kafin ka biya kuɗi, tambayi jami'ar da hukumar ilimin jihar wace hukuma suke karɓa, don ba duka suke yarda da kowace ba. Takardun Faransanci sai an fassara su a hukumance. Mai lisans, wato digirin shekara uku na tsarin Faransa, da mai babbar difiloma su shirya, ana iya ce musu su ƙara wasu darussa kafin a daidaita su da digirin shekara huɗu. Fito da takarda daga jami'o'inmu na gida kan ci watanni, don haka fara tun shekara guda kafin ranar rufewa, ka kuma sa ɗan'uwa ya riƙa bibiya da ƙafarsa.

Wasiƙun shaida biyu ko uku: ɗaya daga malamin darasinka, ɗaya daga wanda ya gan ka tare da yara. Ba su wata guda, kada ka tashe su ana gobe.

Sai rubutun bayanin kai. A nan yaranmu ke cutar kansu saboda kunya da muka raine su da ita. Sai ka ga sun rubuta jimloli masu santsi da kowa zai iya rubutawa, sun ɓoye ainihin abin da ake nema. Kana jin Hausa da Faransanci da Turanci, wataƙila da Zabarmanci ko Twi? Rubuta. Kai ne mai yi wa iyayenka tafinta a asibiti tun kana ɗan shekara goma? Rubuta. Ka zauna a ajin da malamin kimiyya ya sauya sau uku a shekara ɗaya? Wannan ma rubuta, domin matsalar da aka kafa shirin a kanta ke nan, kai kuma a jikinka ka san ta. Ba da labarin yaro ɗaya da ka koya wa abu ɗaya, da yadda ka yi da ya kasa ganewa. A ganawar baki ma irin tambayar ke nan, wani lokaci har a ce ka koyar da ɗan darasi na minti goma.

Na shida, zauna da yarjejeniyar kamar yadda ake zama da takardar filin gado

In an zaɓe ka, za a ba ka takardar alkawari. Kada ka sa hannu a ofis. Ɗauke ta zuwa gida, ka karanta tare da wani babba da ya iya karatun irin waɗannan takardu.

A shirin Noyce, kuɗin yana rikiɗa ya zama bashi in ɗayan waɗannan ya faru: makinka ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, an kore ka saboda laifi, ka janye daga karatun, ka bayyana cewa ba za ka koyar ba, ko wa'adi ya cika ba ka kammala hidimar ba. In ba ka cika shekara ɗaya a aji ba, duka za ka biya. In ka wuce shekara ɗaya, za a rage maka gwargwadon abin da ka yi. Misali, yarinyar da ta karɓi dala 10,000 sau biyu tana da hidimar shekara huɗu a wuyanta. In ta yi biyu ta bari, rabin kuɗin, dala 10,000, ya zama bashi irin na ɗalibai na tarayya, mai kuɗin ruwa.

TEACH ya fi wannan tsauri nesa ba kusa ba. Babu ragi. Ka yi shekara uku cikin huɗu ka tsaya, duka kuɗin ya koma bashi, kuma ruwan ba daga ranar da ka bari aiki ake ƙirga shi ba, daga ranar da aka fara ba ka kuɗin ne, shekaru can baya. Ruwan bashin ɗaliban digirin farko a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 kashi 6.53 cikin ɗari ne. A kan dala 16,000, wadda ita ce iyakar abin da ɗalibin digirin farko ke iya karɓa, ruwan ya haura dala 1,000 kowace shekara. Shawarata a nan ba ta da kwana: kada ɗan shekarar farko ya taɓa TEACH. Ya bari sai ya shiga aji ya tabbatar da kansa. Na ga wanda ya karɓa sau ɗaya tak yana ɗan sha takwas, ya sauya sheƙa zuwa wani fanni, ya manta, sai wasiƙar bashi ta same shi bayan ya yi aure.

Ga Musulmi wannan ba maganar aljihu ba ce kaɗai. Mutum yana sa hannu ne a kan takardar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa in ya gaza. Ni ba mai fatawa ba ne, na dai ce wa Alhaji ya kai takardar wurin malamin da ya amince da shi, ya bayyana masa tsarin yadda yake: kuɗi ne a madadin aiki, ruwan kuma tara ce ga wanda ya saɓa. Ya tambayi jami'ar kuma ko ana iya mayar da kuɗin dunƙule nan take in an fasa, kafin ya zama bashi. Dokar Noyce ta ambaci biya ko mayarwa bashi, amma yadda ake aiwatarwa yana hannun jami'a.

Ga tambayoyin da za ka nemi amsarsu a rubuce, ba da baki ba. Wace irin makaranta ce ake lissafawa, kuma wa ke tabbatarwa? In na koma wata jiha fa? In na haihu, ko na kwanta rashin lafiya, ko na tsaya jinyar mahaifi, ana dakatar da agogon? A TEACH ana dakatarwa saboda haihuwa da rashin lafiya da aikin soja da komawa karatun da ya cancanta, amma sai ka nema da takarda, ba ya zuwa da kansa. A Noyce akwai damar sassauci ga wanda ya shiga matsanancin hali, ita ma sai an nema. Shekarun da na koyar za su biya mini Noyce da TEACH a lokaci guda? Wannan kuɗi zai rage mini wani tallafin da nake karɓa? Wane ɓangare ne ake cire wa haraji?

Akwai kuma tambayar da ta shafe mu mu kaɗai. Koyarwa a Zinder ko Katsina ba ta shiga lissafi, komai tsananin buƙatar makarantar. Duk mai shirin komawa gida da zarar ya gama digiri, ko budurwar da za ta bi miji wata ƙasa, su yi wannan lissafi tun yanzu, iyaye na zaune. Alkawari kaya ne, gara a auna nauyinsa kafin a ɗora a ka.

Na bakwai, lasisi da neman aiki

Kowace jiha da nata lasisin. Jihohi da yawa suna amfani da jarrabawar Praxis, New York da Texas da Kalifoniya kuwa kowace na da tata. Akwai ɗaukar hoton yatsu da binciken tarihin laifi. Akwai zangon gwajin koyarwa, inda za ka wuni a makaranta tare da gogaggen malami, galibi ba albashi, kuma ba ka da lokacin wani aikin. Ware wani abu daga kuɗin tallafin domin wannan zango, shi ne lokacin da aljihu ya fi bushewa. Zauna jarrabawar darasinka tun ilimin na da ɗumi, kada ka bari sai ka gama.

Wajen zaɓen makaranta akwai tarko. Noyce gundumar da makarantar ke ƙarƙashinta yake dubawa: wadda ke da makarantar da talauci ya yi wa katutu, ko malaman sakandarenta da yawa ke koyar da abin da ba su karanta ba, ko malamai ke yawan barinta. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne yawan yaran da suka cancanci abincin rana kyauta ko a rangwame. TEACH kuwa makarantar kanta yake dubawa, dole sunanta ya fito a kundin makarantun masu ƙaramin ƙarfi da ma'aikatar ilimi ke sabuntawa kowace shekara, kuma fiye da rabin darussanka su zama na fannin da ake ƙarancinsa. Makaranta na iya cika sharaɗin ɗaya ta faɗi a ɗayan. Kafin ka karɓi aiki, tura wa jagoran shirinka sunan makarantar, ya amsa maka a rubuce. Aikin cikakken lokaci ake nufi. Malamin cike gurbi da mataimakin malami kada su ɗauka shekarunsu na tafiya.

A ganawar ɗaukar aiki kai ma ka yi tambaya. Malaman kimiyya nawa suka bari a shekara uku da suka wuce? Akwai ɗakin gwaje-gwaje mai aiki? Wa zai zama mai ja mini gora? Shugaban makaranta nagari ya fi gini mai kyau. Batun sallar Juma'a ka tayar da shi tun kafin a tsara jadawali, domin doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya duba buƙatar addini gwargwadon iko. A birnin New York makarantun gwamnati suna hutun sallolin idi biyu tun 2015.

Kada kuma a ruɗi kai da maganar albashi. Ƙungiyar malamai ta NEA ta sa matsakaicin albashin sabon malami a kusan dala 44,500 a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023. Manyan birane sun fi haka sosai, injiniya kuma ya fi malami samu. Abin da ke rage tazarar shi ne tallafin da ke biyo baya. Malamin lissafi ko kimiyya na sakandare da ya yi shekara biyar a jere a makarantar masu ƙaramin ƙarfi ana iya yafe masa har dala 17,500 daga bashin karatunsa na tarayya. A New York akwai gidauniyar Math for America, da masanin lissafi Jim Simons ya kafa a 2004, mai ba gogaggun malamai ƙarin kuɗi na shekara huɗu.

Na takwas, takardar kowace shekara

Koyarwar da ba a rubuta ba, a idon hukuma ba a yi ta ba. A ƙarshen kowace shekarar karatu akwai fom da shugaban makaranta zai sa wa hannu, a aika wa jami'a domin Noyce, a aika wa ma'aikatar ilimi domin TEACH. A 2018 gidan rediyon NPR ya bankaɗo cewa dubban malamai da ke cikin aji suna cika alkawarinsu an mayar musu da TEACH bashi saboda fom ya makara ko an manta sa hannu a wani wuri. Daga baya ma'aikatar ta buɗe hanyar sake dubawa ta kuma sassauta ƙa'idar, amma wahalar da mutanen suka sha kafin nan ba ta da daɗin ji.

Sa hannun ka karɓe shi a watan ƙarshe na zango, kafin a tafi hutu shugaban ya sauya wurin aiki. Ɗauki hoton fom ɗin, ajiye shaidar aikawa, ka nemi a amsa maka cewa an ƙirga shekarar. In ka sauya gida ko imel ko suna bayan aure, sanar da su a makon. In ka kammala duka, nemi wasiƙar da ta ce an sauke maka nauyin, ka adana ta tare da fasfo.

Yarinyar Alhaji ta karɓi Noyce na shekara biyu, ta bar TEACH. Mahaifinta ya sayo jakar takardu mai zif, ya rubuta shekarun hidimar huɗu a bayan murfin da biro, kowace da ɗan akwati a gefenta. Yanzu tana gwajin koyarwa a wata sakandare da ke tasha uku daga gidansu. A makon jiya ta leƙo ta ce, "Baffa, akwai yaro ɗan Agadas a ajina, watansa biyu da zuwa, ba ya cewa uffan. Da na yi masa bayanin atam da Hausa sai ya ɗago kai ya ce, 'Malama, ashe kina ji?'"